Komar Gidan Sauro ta Sa'adu

Sa'adu masunci ya haura shekara hamsin, kusan duk a bakin Gulbin Rima ya yi su, ƙasa da madatsar Goronyo. Bai yi boko ba. Amma in kifi ya motsa ruwa, tun bai ɗago ba ya san tarwaɗa ce ko karfasa. Shi ya sa da ƙungiyar matasan gari ta fara koya wa ɗaliban sakandare ilimin ruwa kowace Asabar, shi aka roƙa ya riƙa raka su. Malama Adawiyya mai koyar da kimiyya takan zo da kwalabe da rariya, shi kuwa idonsa ne kayan aikinsa. Yara suka sa masa suna Farfesa. Yakan ce su bari, amma hularsa ta Juma'a yake sakowa.

Bara da rani kamu ya yi wuya. Sa'adu ya kwance gidan sauro uku na iyalinsa, ya ba ɗiyarsa Khairiyya ta haɗe su da zare suka zama koma, ya ja ta a tabkin da ke bayan gonar albasarsa kaf. Idon gidan sauro ba ya barin komai. Har 'ya'yan kifi da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba ya kwaso, aka shanya, aka daka a miya.

Bana kuwa wannan tabkin ɗalibai suka zaɓa, Khairiyya tana cikinsu. Sau ashirin suka tsoma rariya suna juyewa a farar tasa. Tsutsar sauro kaɗai ke wutsil-wutsil.

"Farfesa, mi yac cinye kihin wanga wuri?" in ji Mujaheed, sarkin surutun ajin. "Ko aljannu na?"

Aka kwashe da dariya. Malama ta buɗe littafi, don duk abin da Sa'adu ya faɗa rubuta shi ake yi. Da a ce zai ce takin gonaki ne ya ɓata ruwan, da ba mai musa masa. Ya saci kallon Khairiyya. Ta duƙa tana ta ɗauraye tasar da ba ta da datti.

"Ba aljannu ba na, ɗana," ya ce. "Ni na."

Ya faɗi yadda aka yi, idonsa a laka, bai ambaci wadda ta yi ɗinkin ba.

Can Malama ta ce, "To Baba, sai yaushe za su dawo?"

"Damina biyu, in gulbi ya cika ya shigo, kuma aka ƙyale su."

Yara suka rubuta, amma ba wanda ya ƙara tambayarsa komai ranar. Da aka tashi ya bar hanyar kasuwa ya bi ta cikin gonaki, Khairiyya na biye da shi har gida.