Yayata Tela da Jiran Wata Bakwai

Yayata tela ce, amma ba irin telolin nan da ake yi wa ba'a da saɓa alkawari ba. In ta ce maka Laraba, to Laraba ce, kuma kafin azahar. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da wani kantin littattafai. Kekunan ɗinki biyu ne a ciki: na ƙafa, wanda ta gada daga mahaifiyarmu, da na lantarki, wanda har ta bar duniya ba ta yarda da shi ba. Yunifom na 'yan makaranta shi ne aikinta. Da hutu ya zo ƙarshe shagon kan cika da yara, kowa ya tsaya ya ware hannu, ita kuwa tef a wuya, alli a hannu. Kullum sai ta ƙara wa riga tsawo. In uwa ta yi ƙorafi, sai ta ce, "Yaro ba ya jiran riga, Hajiya. Nan da wata uku za ki gode mini."

Shekara goma sha huɗu ta ba ni. Ni ce auta, kuma a hannunta na tashi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ko da na yi aure na fara koyarwa a firamare, da an tashi shagonta nake fara biyawa. In zauna a kan tarin yadi, ina jin ƙamshin sabon ƙyalle da dutsen guga, tana taka keke tana ba ni labarin unguwa ba tare da ta ɗago kai ba.

Tana da shekara arba'in da bakwai aka yi sanarwa cewa ƙaramin asibitin unguwarmu zai yi wa mata gwajin bakin mahaifa na kwana uku. Mata suka yi ta noƙewa. Yaya ta ajiye almakashi ta ce, "Ni da na haifi biyar, wace kunya ta rage mini?" Ta tattara shida daga cikin matan da take yi wa ɗinki, ta sa su gaba. Ita ta fara shiga, ta fito tana dariya, ta ce awon wuyan riga ma ya fi wannan daɗewa.

Bayan mako biyu nas ta aiko a kira ta. Cikin su bakwai, ita kaɗai aka kira. Na raka ta.

"Mama, kada ki ɗaga hankalinki," in ji nas ɗin. "An ga ɗan canji a bakin mahaifar. Ba a ce ciwon daji ba ne, amma irin abin da ba a so a bari ne. Na rubuta wa babban asibiti. Cikin mako huɗu za su kira ki a waya, su duba ki da na'ura."

"Mako huɗu," Yaya ta maimaita, kamar mai karɓar ɗinki.

Yaya ba mai son waya ba ce, a gwangwanin maɓallai take jefa ta. Ran nan ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya. Da wayar ta yi ƙara sai keke ya tsaya cak. Ta ɗauka, ta tarar wata ce ke tambayar siket ɗin 'yarta. Mako huɗu suka wuce, na biyar ya shiga, shiru kake ji.

Muka tafi babban asibitin da ƙafarmu. Doguwar baranda ce, an jera korayen bencina, a ƙarshenta akwai taga mai ƙarafa inda wata mai ajiye fayil take zaune, takardu sun kusa binne ta. Ba ta ko dube mu ba ta ce na'urar ta lalace, an aika a kawo kayan gyara, mu dawo bayan mako biyu. Muka koma, aka ce an gyara, amma likitar da ta iya aiki da ita ta tafi kwas. Da likitar ta dawo kuma, aka duba jerin sunaye babu na Yaya. "Ki jira kira," in ji mai fayil.

"'Yata, wata uku ke nan nake jiran kira."

"Ba ke kaɗai ba ce, Mama. Ki yi haƙuri."

A hanyar gida na ce mata mai haƙuri yakan dafa dutse. Ta harare ni. "Auta, na dafa. Ruwan ya ƙone, tukunyar ma ta fara kamawa."

Ba ciwo take ji ba, kuma wannan shi ya fi damunta. Ta ce da wani waje na yi mata zafi, da ta san abin da za ta kama. Amma an ce akwai abu a jikinta, ba ta ganinsa, ba ta jinsa, ba ta kuma san ko yana tsaye ko tafiya yake yi ba. Ta rage cin abinci. Zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Wata rana na shigo na same ta zaune a ƙasa, yankakken yadi a gabanta. Hannun riga goma sha biyu ta yanka, dukansu na hagu. A shekara talatin da ta yi tana ɗinki, ba ta taɓa ɓata yadin mutane ba. Ran nan na fara ganin hawayenta tun bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Ashe duk wannan tsawon lokaci ba ta gaya wa mijinta ba. Tsohon direban bas ne, mai hawan jini, ta ce ba za ta ɗora masa ba. Ni na kasa riƙewa, na faɗa masa. Ya zo shagon da rana tsaka, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ni mene ne amfanina, ado?"

"Malam, to me za ka yi? Kai za ka gyara musu na'ura?"

"Ba zan gyara ba. Amma zan iya zama."

Daga ranar, kowace Talata, ranar da ake ganin mata masu irin wannan matsala, tare suke tafiya. Shi ya zauna a gindin bishiyar da ke waje da ƙaramin rediyonsa, ita ta shiga ta zauna a benci na farko, daidai tagar. Ta ce tunda kira ya ƙi zuwa, za ta riƙa kai musu fuskarta har su gaji da ganinta. Ba ta iya zaman banza, don haka takan tafi da jakar riguna tana sa musu maɓalli.

A bencin nan ta haɗu da wata mai kitso, 'yar shekara talatin da biyar, mai 'ya'ya mata uku. Ta riga Yaya fara jira da wata biyu. Mace ce mai barkwanci, takan ce in aka ƙara musu wata ɗaya sai a ba su takardar kama aiki a asibitin. Suka shaƙu ƙwarai. Ita ke zura wa Yaya zare a allura, Yaya kuma tana kiranta ƙanwa. Sai da suka saba sosai ta raɗa wa Yaya cewa ta fara ganin jini ba a lokacinsa ba, ta kuma faɗa a taga, an ce ta jira.

Wata Talata Yaya ta lura aljihun rigar mai fayil ya yage, har biro yana faɗuwa. Ta kasa kau da kai. "Miƙo rigar nan, 'yata, idona ba zai iya ba." Matar ta cire ta saman ta miƙo ta taga. Cikin minti biyar Yaya ta mayar mata. Da lokacin cin abinci ya yi, maimakon mai fayil ta rufe taga ta fita, sai ta shiga ɗakin ciki. Ta fi sa'a ɗaya. Ta fito da takarda a hannu, fuskarta duk kunya. An sa wasiƙar Yaya cikin tarin na masu awon ciki. Lambar wayar da aka rubuta kuma ba ta cika ba, an tsallake lamba ɗaya. Tun a wata na uku aka gwada kira sau ɗaya, bai shiga ba, aka ajiye.

Yaya ce ta ba ni labarin yadda suka yi. "Kowace Talata ina nan a gabanki," ta ce mata.

"Mama, ni kaɗai ce a kan fayil sama da dubu huɗu. Wallahi ban sani ba."

Yaya ta dubi takardar. Sai ta ce, "To, koma ki nemo na ƙanwata."

A wata na bakwai aka duba su, rana ɗaya. Likitar ta ce wa Yaya canjin ya ƙaru fiye da yadda aka gani da farko, amma bai rikiɗe ya zama daji ba. Aka sa rana, aka yanke ɗan wajen, ko kwana ba ta yi a asibiti ba. Mai kitso kuwa aka ce nata ya riga ya zama daji, aka tura ta wani gari neman magani. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta ƙara. Yaya ba ta taɓa cewa jiran ne ya kashe ta ba. In an tayar da maganar sai ta ce, "Allah ne masani. Amma ni na ga watannin da ta yi a kan bencin nan." Ita ta ci gaba da ɗinka wa 'yan matan nan uku yunifom har ƙaramar ta gama sakandare.

Yaya ta ƙara shekara goma sha ɗaya. Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinta, ba abin da muka yi ta tsoro ba. Shagon yanzu wani mai sayar da wayoyi ne a ciki, ya yi masa fenti shuɗi.

In na tuna ta, ranar da ta fi zo mini ita ce wadda aka sake gwada ta, wata shida bayan aikin, aka ce babu komai. Ta rufe shago da rana tsaka, ta zo har makaranta ta tsaya a tagar ajina tana yafito ni. Na nemi izini na fito da fargaba.

"Lafiya, Yaya?"

"Lafiya lau. Zo ki raka ni kasuwa."

Muka shiga layin masu takalma. Matar da duk rayuwarta silifa take sawa ta nuna wani jan takalmi mai tsini, ta ce shi take so. Na ce ai ba za ta iya tafiya da shi ba. Ta ce ba ta tambaye ni ba. A nan ta sa shi, ta ba ni silifan na riƙe, ta dafa kafaɗata. Tafiyar minti goma sai da ta ɗauke mu kusan sa'a ɗaya, tana tangaɗi muna ta dariya, mutane na kallonmu. Da muka isa gida Malam ya dubi ƙafarta, ya dube ni, ya ce, "Auta, ke kika ba ta wannan shawarar?" Na rantse ba ni ba ce. Bai yarda ba.