Labarin Kokawar da Ban Kai wa Kawu Namadi Ba

Mu na Allah ne, kuma gare shi makoma take. Ranar Lahadi tara ga Disamba, 1962, Allah ya karɓi ran Kawu Namadi na Kende, ƙanen mahaifiyata, bayan jinyar kwana shida. Ba na gari lokacin da ya cika, kuma shi ne ya aike ni.

Kawu, ka san ni da kokawa ba mu taɓa shiri ba. Ni malamin makaranta ne, a ganina ƙarti biyu su tuɓe riga suna birgima a ƙasa aikin rashin abin yi ne. Kai kuwa kokawa ce abincinka tun kana saurayi. Da idonka ya mutu shekarar samun 'yancin kai, ba ka yi kukan gona ko kasuwa ba. Cewa ka yi in riƙa kai ka fage, in zama idonka.

Ranar farko na ba ka kunya. Ka tambaye ni abin da ake ciki, na ce sun dai riƙe juna. Ka daki gwiwata ka ce, "Lauwali, bar kallon huska. Dubi ƙahwa. Wa ad da ƙahwa gaba?" Kaka uku kana koya mini, ba ka taɓa gajiya da daƙiƙancina ba, har na iya gane taɗiya tun kafin a saka ta. Rannan na tsinci kaina a tsaye ina ihu, kai kuma kana ta yi mini dariya.

Bana a garin Bahindi ɗanka Hamma zai kara da Arzika, gwanin Dandawa da ya tsallako daga Dahomey, wanda ya taɓa kayar da Hamma sau biyu. Ranar ta zo kana kwance. Na ce ba zan bar ka ba, ka ce, "Tahi Bahindi ka gano mani. Kada ka bar komi."

Na tafi, kuma ban bar komai ba. Na haddace kowane riƙo. A hanyar dawowa ina ta maimaita yadda zan tsara maka shi, inda zan ja maka rai, inda zan bari ka canka. Na iso bayan la'asar na tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Kawu, Hamma ya yi kaye. Ya bar Arzika ya kai hannu ƙugunsa, ya ja baya taku ɗaya, ya saka ƙafar hagu. Na ba mutum ya fi goma labarin nan, suna gyaɗa kai, ba wanda ya tsayar da ni ya tambayi wace ƙafa ce a gaba. Ban san inda zan kai shi ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Tasallah da dukan dangi. Allah ya ba Hamma haƙuri, wanda ya shigo gari da makaɗa a bayansa ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.