Baba Kunne da Ramin Dutse

Kullum kafin rana ta yi zafi za ka ga Baba Kunne tsaye a tsakiyar dandali. Zai tafa hannu, ya karkata kai ya ji yadda duwatsu suka amsa, sannan ya bi matakala yana tsince ledoji yana mita. Shi ke kula da sauti a filin waƙar nan marar rufi, mawaƙa ne suka laƙaba masa sunan har na yanka ya ɓace.

Filin a da ramin fasa dutse ne. Da masu fasawa suka tashi, malaman makaranta suka lura cewa in yaro ya yi magana a ƙasa, na can sama yana ji, sai suka riƙa kawo ɗalibai wasan kwaikwayo. Baba yana saurayi ya yi dakon simintin matakalar da muke zama a kai. Lasifikar farko da batirin mota ya tayar da ita. Shekarar da ruwa ya cika ramin, mai gadi ya shaida cewa Baba ya shiga har wuya ya fito da na'urori a ka.

Abu ɗaya ya gagare shi: a ɓangaren hagu murya dawowa take yi sau biyu, kamar mawaƙi na gardama da kansa. Ya yi fama har furfura ta fito masa, a banza.

Sai aka buɗe sabon zaure mai rufi da sanyi, da mai sautinsa da ake kira Injiniya. Mawaƙan da Baba ya koya wa riƙon makirfo suka koma yabon Injiniya a rediyo. Gaskiya a faɗe ta, Baba kishi ya yi, kishi mai zafi. In ya ji sunan sai ya murɗe rediyon, ya ce batir ne ya yi sanyi.

Wata rana wani mawaƙi ya zo da Injiniyan. Mutumin ya gaida Baba da ladabi, ya zagaya, ya janye lasifikoki daga jikin dutse, ya rataya tsofaffin barguna a hagu. Baba ya hau can ya zauna yana jiran ya ji an kunyata. Da mawaƙin ya rera, murya ta iso masa tangaran, sau ɗaya.

A gida ya ture kwano.

"Malam, ciwo ne?" in ji matarsa.

"Ciwo ne mana! Na ƙare ƙuruciyata a ramin nan, mutum ya zo da barguna."

"To da ka tambaye ni, ai ina da su a ɗaki."

Ko murmushi bai yi ba.

Da lokacin ritayarsa ya zo, kwamitin fili ya zauna. Mutum biyu ke neman kujerar: Injiniya, da babban ɗan Baba, wanda tun yana ƙarami yake naɗe masa waya, ga shi da iyali. Shugaban kwamiti ya ce, "Baba, wanda ka nuna shi za mu ba."

Baba ya dubi ɗansa. Yana sonsa, ya kuma san kunnensa bai kai ba. Ya dubi Injiniya, ya ji ransa na tafasa. Kalma ɗaya ta isa ya kore shi, babu kuwa mai zarginsa.

"Ku ba mai barguna," ya ce.

"Baba!" in ji ɗan.

"Ya fi ka, ɗana. Ya fi ni ma. Ba na ƙaunar ganinsa, Allah ya sani, amma na hagu su ma waƙa suka zo ji."

Kai ne, Baba, kunnen ramin dutse. Kai ne kishi ya ci ka ciki da bai, amma ka hana shi ya ci filin. Yabon wanda ake so ba wuya gare shi, kai kuwa wanda ba ka so ka miƙa wa makullanka a gaban ɗan cikinka.

Ba a araha ka yi ba, mun sani. Har yau in Injiniya ya gaishe ka sai ka amsa kana kallon wani wuri, ɗanka kuma bai dawo cin abinci tare da kai ba tukuna. Mun gode, Baba. Allah ya sanyaya zuciyar yaron, ya sanyaya taka.

Ku kuma masu riƙe da makullan wani wuri, ranarku na zuwa. In wanda ya fi ku ya shigo, ba a ce kada ku ji zafi ba. Ku ji, ku ture kwano in ta kama, sannan ku ba shi.