Mai Sharhin Balad da Kujerar Istiftahi

Na zauna a Omdurman, na yi fatauci a Kwatano da Istanbul, na kuma taɓa tsayawa cikin sanyin Landan ina sauraron masu hawa akwati suna zagin gwamnati. Ko'ina akwai mai sharhi. Amma ban ga wanda bakinsa ya kai na mutuminmu na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, arha ba.

Haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka zo a ƙafa, ɗan ƙasa. Ya yi ritaya daga wani ofishin gwamnati, fansho na shigo masa duk wata. Bayan la'asar yakan zo wurin mai shayin da muke zama, ya kunna mana Amurkawa a waya suna kumfar baki, sannan ya fassara. Ina jin Turanci, don haka na san rabin fassarar daga cikinsa take fitowa. Karatun ɗaya ne kullum: gwamnati ta cire hannu, haraji sata ne, tallafi yana kashe zuciya, kowa tasa ta fisshe shi. Yana kiran kansa ɗan ra'ayin riƙau. Yakan yi wa gwamnatin Amurka kaca-kaca, ya gangaro Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba, ya yaba cire tallafin mai. Jarumtarsa daga ƙetaren teku take farawa. A wannan gaɓar ko fitilar titi bai taɓa kushewa ba.

Ba duka ne ƙarya ba. Ni ma na ga ƙasashen da mai hatimi ya shaƙe kasuwa har ta mutu. Amma wanda bai taɓa sayar da ko allura ba, me ya sani?

Da iyakarta hira ce, da ban damu ba. Sai ɗan ƙanwata ya fara zama kusa da shi. Bahaushen Sudan ne, mai mata da 'ya'ya, yana riƙe da shagon turare a ƙuryar wani lungu. Shagon na kafilinsa ne, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, a kan shagon take rataye. In ciniki ya mutu, zamansa ya mutu.

Lungun nan yana da wata al'ada da tsofaffinsa suka riƙe. Da safe kowane mai shago yana ajiye 'yar kujera a bakin ƙofa. In ya yi cinikin farko, wanda suke kira istiftahi, sai ya shigar da ita. Daga nan, in wani mai saye ya zo alhali kujerar maƙwabci tana waje, sai ya ce, “Je wurin ɗan'uwana, yana da irinsa.” Ba a rubuta ba, ba a tilasta kowa.

Da ɗan ƙanwata ya ba da labarin a wurin shayi, mai sharhi ya dire kofinsa.

“Ya waladi, wannan ai gurguzu ne tsagwaronsa! Ka kori mai saye da hannunka? Kalam fadi, zancen banza! Gasa ita ce rahama.”

Na ce, “Ya Ustaz, wace baladiyya ce, wace hukumar gari ce ta kafa kujerar? Kullum kana cewa a bar mutane su tsara kansu. To ga shi sun tsara. In ba wannan za ka riƙe ba, me kake riƙewa a riƙau ɗin naka?”

Ya yi dariya. “Ya Hajj, yawon duniya ba karatu ba ne. Sha shayinka.”

Ɗan ƙanwata ma ya yi dariya. A hanya na ja masa kunne, ya ce, “Kawu, ni iyali gare ni, ba gidan sadaka na buɗe ba.”

Lokacin umara ne. Wata safiya ayarin hajiyoyi daga Najeriya suka shigo lungun. Ɗan ƙanwata ya riga ya yi istiftahi, kujerar maƙwabcinsa, wani tsoho mutumin Hadramaut, tana waje. Ya sayar wa ta farko, ya sayar wa ta biyu, ya leƙo ya kira sauran da Hausa, ya juye musu humra da turaren wuta har ledojinsu suka cika. Tsohon yana zaune yana jan carbi.

Babu wanda ya yi wa ɗan ƙanwata faɗa. Sallama ba ta ragu ba, gahawa ma ana miƙo masa. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne inda shagonsa yake. Shi ne na ƙarshe. Kafin mai saye ya iso gare shi sai ya wuce kowa. Shekara da shekaru, duk wanda ya shigo yana Hausa, tun daga bakin lungu ake ce masa, “Wuce ciki, ɗan garinku yana can.” Yanzu kowa ya riƙe nasa. Tsohon nan har ya koyi “sannu Hajiya” da “nawa za ki ba da”. Gasar da aka yi masa wa'azinta ta zo, ta same shi a ƙurya.

Na raka shi ban-haƙuri. Tsohon ya karɓe mu da fara'a, ya ce, “Halas, ya Hajj, ba komai. Kasuwa ce, kowa da rabonsa.” Na ji irin wannan “ba komai” da harsuna da yawa, na san rufaffiyar ƙofa ce.

Kafin aikin hajji ya zagayo, kafili ya karɓe makullin ya ba wani. Da ƙyar muka samu aka mayar da iƙamarsa kan wani sito a unguwar Jidda da ake kira Madinar Masana'antu. Mutumin da ke bambance turaren ud mai kyau da na jabu da shaƙa ɗaya, yanzu kwali yake lodawa.

Ranar da labarin ya iso wurin mai shayi, mai sharhi ya girgiza kai kamar likitan da ya gama duba gawa.

“Miskin. Amma kasuwa ba ta zalunci, ya jama'a. Wanda bai iya ba, ta fitar da shi.”

Ya ce a ƙaro masa na'ana'a, ya laluba wayarsa, ya ce mu matso mu ji abin da wani Ba'amurke ya faɗa a kan haraji.