Kujerar da Na Ɗaura wa Surukina

Ina rumfata a tashar Gusau, ina yanka katifar kujerar wata bas, ƙanin matata ya kira ni daga Bunguɗu. Ya ce Baba ya cika bayan azahar. Na yi salati, na ajiye almakashi, na zauna a ƙasa.

Mahaifin matata ne, don haka sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce. Tun da na auri Hadiza ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa daga bakin zaure, a durƙushe, shi ke nan.

Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa, kuma bai yarda akwai ƙarfen da ya mutu ba. Yakan ce, "Ƙarhe bai tsuhwa, mai shi ka gajiya." Da gwiwoyinsa suka ƙi kai shi masallaci, bai roƙi kowa goyo a babur ba. Ya tattara bututu, da tayoyin baro huɗu, da wani tsohon inji, ya haɗa 'yar mota mai cin mutum ɗaya. Ƙararta ta fi gudunta, amma tana tafiya.

Wurin zama kaɗai ya rage. Ya aiko Hadiza ta gaya mini in samo mai araha, kada in yi masa ta masu kuɗi. Na sayi kujerar roba, na yanke ƙafafunta, na shimfiɗa mata soso, na ɗaure ta da noti.

Duk mai wannan aiki ya san sai mai kujera ya zauna an gwada. To, da wane ido zan ce wa surukina ya zauna in auna ƙugunsa? Sai na hau da kaina na gwada. Ni kuwa kamar kara nake, Baba mutum ne mai jiki. Na gama na sulale yana cikin gida. Daga baya na tambaya ta bakin Hadiza, aka ce Baba ya ce ta yi daidai, Allah ya yi albarka.

Ranar uku, bayan mutane sun ragu, na shiga yi wa Inna, surukata, gaisuwa. Ba da nufin zargi ta faɗa ba, tana yabon haƙurinsa ne. Ta ce hannuwan kujerar suna matse shi har fata ta sale, kullum sai ta shafa masa man kaɗanya.

Ta ce, "Na ce mishi shi aika a gyara. Yac ce, 'Mijin ɗiyata ya yi aiki da hannunai, in aika mishi bai yi ba? Da wane ido za shi shigo gidanga?'"

Ban iya ɗaga kai ba. Ni na ji kunyar taɓa shi, shi ya ji kunyar kunyata ni, jikinsa ya ɗauki abin sau biyar a rana. Yanke hannuwan kujerar aikin zarto ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma zarton yana cikin jakata ranar da na ɗaura ta. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka sa kowane zama da ya yi a matse ya zama kankarar zunubi. Ka ba Inna da Hadiza da ƙannenta haƙuri. Ni kuma, Baba, ka yafe mini.