Yayana da Silimar Bebaye

Shekaru da dama baya, tun Nasara na mulkin Damagaram, yayana ya dawo daga soja da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya lau, amma ba ya ji. Ƙarar igwa ta kashe masa kunne. Mutumin da a da in ya zauna a dandali har tsofaffi sai sun riƙe ciki don dariya, sai ga shi ya koma zaman zaure shi kaɗai. Da ya ga ana dariya sai ya tashi ya shige gida. Mahaifiyarmu ta ce da ni, "Shirun nan zai kashe mini ɗa, ka san yadda za ka yi."

Lokacin ina awon gyaɗa a magazar wani Nasara a Zango, wato babban ɗakin ajiyar kayansa. In cinikin gyaɗa ya ƙare magaza ta zama wayam, ran Lahadi bayan la'asar sai ya sa a rufe ƙofofi, a rataya farin zane, ya kunna mana tsofaffin silima na ƙasarsu, irin waɗanda ba a magana a ciki. Gajeru ne, kafin ka cinye goro an gama guda.

Da ƙyar na jawo yaya. Na zauna kusa da shi don in riƙa yi masa bayani da hannu, wai ni ga tafinta.

A jikin zanen wani siririn mutum ya fito da dogon katako a kafaɗa. Ya juya zai gaida wata mata, katakon ya kwashe wani jandarma, wato ɗan sanda. Ya juyo zai ba jandarma haƙuri, katakon ya kwashe mai tallan ƙwai. Na fara wutsil-wutsil da hannu a gaban yaya, sai ya make ni.

"Kai, kau da hannunka! Me za ka gaya mini? Kai ɗin ka ji wani abu ne?"

Wallahi sai na ji kunya. Ashe a magazar nan dukanmu kurame ne. Shi ma ya fi mu, don ya saba karanta fuska: kafin jandarma ya zame a kan ƙwai, yaya ya riga ya ƙyalƙyale.

Kun san kurma bai san ƙarfin muryarsa ba. Sai ya shiga sa musu magana a baki, a zatonsa raɗa yake yi mini. Jandarma ya miƙe ƙwai na ɗiga daga gashin bakinsa, yaya ya ce, "Wayyo, yau kumandan zai karya kumallo da ni!"

Magaza ta kwashe da dariya. Ya waiwaya, ya ga bakuna a buɗe, duk ido a kansa. Na ce shi ke nan, zai tashi. Sai wani tsoho mai dako ya dafa kafaɗarsa, ya nuna masa zanen, ya nuna bakinsa, wato ya ci gaba. Ya kuwa ci gaba. Tun daga ranar ba a kunna inji sai an ce, "Ku dakata, soja bai iso ba."

Da aka samu 'yancin kai, Nasaran ya tattara injinsa ya koma ƙasarsu. Na kai yaya silimar gari, mai magana. Mutum biyu ne zaune a jikin zanen suna ta motsa baki, ba mai faɗuwa, ba mai bin wani da gudu, jama'a kuwa sai dariya suke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya taɓa ni.

"Me suka ce?"

Na ɗaga hannu, na rasa ta inda zan fara.

"Bar shi," in ji shi. "Mu je gida."

Ina jin masu cewa waɗancan silima shirme ne, faɗuwa da guje-guje kawai. To, su faɗa. Ni dai ina kewarsu ƙwarai, don shirmen nan ne ya aro mana yayanmu na 'yan shekaru. Bai sake taka ƙofar silima ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni na shiga sau biyu bayan rasuwarsa, na ji duk abin da aka faɗa, ban yi dariya ba.