Gwanin Duka na Ollelewa

Kakata Dije ba ta cikin tsofaffin nan masu lallashin jikoki da labarin Gizo. Idan aka ci tuwo bayan magariba a gidanmu na Ollelewa, takan tura karan gero cikin wuta, ta juya fuskarta wajen dangar maƙwabta, ta ɗaga murya. Mukan ce "ta zo mu sha", kamar yadda ake amsa tatsuniya, ita ko ta fara ba tare da ta dube mu ba. Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damargu ba, manya suna magana ƙasa-ƙasa, amma ban da ita.

Labarin da ta fi maimaitawa na wani saurayi ne gwanin ƙwallon goruba. Bayan girbi samarin gari biyu kan haɗu a fili, kowa da sanda mai lanƙwasasshen kai, ana dukan ƙwallon har a kai shi gefen abokan hamayya. Saurayin nan da hagu yake duka, kuma in ya samu ƙwallon sai dai a bi shi da ido. Bai cika zuwa gona ba, wasan ne ke ci da shi. Mutanen Tarka sun ba shi ɗan maraƙi don ya shigar musu, makiyayan Belbeji sun ɗaura masa rawani, mata na guɗa tun kafin ya sauka daga jaki. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta ma bukata, don duk mun san Kawu Habu ne, ɗanta, ga shi can bakin zaure a zaune da hannun hagu a shanye.

Wata shekara wani Nasara ya zo rangadi da sojojinsa, ya tarar da taro ya cika fili, ya tambayi wane ne wannan da ake yi wa ihu. Wani dattijo ya yi caraf ya amsa, yana taƙama da ɗan garinsu, ya ce ai gwanin duka ne, daga nan har Tarka babu mai tsaya masa, kuma in ya kira samari da sanduna ko ɗaya ba ya zama gida. Tafinta ya juya maganar yadda ya ji ta. Nasaran ya ɗauka madugun 'yan tawaye aka nuna masa, ya sa aka ɗaure shi nan take. Igiyar ta kwana a hannunsa har garin Tanut, kuma da suka sako shi bayan damina hannun ya riga ya mutu.

In ta kawo nan sai ta daki itacen wuta da muciya, tartsatsi ya tashi.

"Kalma guda ce fa," in ji ta. "Da wani ya buɗe baki ya ce ƙwallo yake duka, ba mutane ba, da shi ke nan. Gari guda na tsaye, kowa ya sunkuyar da kai kamar tunkiya."

Daga nan sai ta kore mu mu kwanta, babu rufe labari, babu komai. Ni dai haushinta nake ji, don yaran wasu gidaje na kwana da dariya, mu kuwa da ƙuncin zuciya.

Na daɗe ina zaton Nasaran take tsine wa. Sai da na yi gemu na gane shi ko a jikinta, baƙo ne da bai san harshenmu ba. Da mutanen bayan danga take, waɗanda suka ci naman nasarar Kawu Habu suka yi masa kirari, kuma don su ji take ɗaga murya. Har yau in na ga taro na yabon mutum raina yakan ɓaci, in riƙa duban bakunansu ina tunanin wanne zai buɗe ranar da abu ya ɓaci.

Kawu Habu ya riga ta rasuwa. Ranar zaman makoki dattawan gari suka cika ƙofar gida, suna ta cewa ba a yi hannu irin nasa ba a Damargu, har da dattijon nan, ya tsufa tukuf. Kaka ta fito da sandarta ta tsaya a kansu.

"Malam, ashe kuna da baki," ta ce. "Ina kuka ajiye shi ranar da aka ɗaure mini ɗa?"